Gidan Masaƙi a Lankasha a Farkon Zamanin Injuna

Wannan lacca ta shafi rayuwar masaƙin hannu da iyalinsa a lardin Lankasha, wanda yake arewa maso yammacin Ingila, daga wajen shekarar 1760 zuwa 1850, wato zamanin da masana tarihi suke kira farkon juyin masana'antu, lokacin da ayyukan da aka gada ana yi da hannu a cikin gidaje suka fara komawa manyan gine-gine masu injuna waɗanda ruwa ko tururi yake juyawa. Abin da aka fi ji a bakin mutane shi ne wai inji ya zo dare ɗaya ya ƙwace wa masaƙi sana'arsa, amma wanda ya bi al'amarin shekara bayan shekara zai tarar ba haka abin ya gudana ba. Inji ya fara azurta masaƙi kafin ya talauta shi, kuma sana'ar ba ta fice daga gidan a lokaci guda ba: kaɗin uwa ne ya fara fita, sannan 'ya'ya suka bi, uban kuwa aka bar shi a kan masaƙarsa shekara talatin ko fiye, yana ƙara aiki ladansa yana raguwa, alhali dokokin da za su iya rage masa zafin faɗuwar ana soke su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin injuna, gidan masaƙi a ƙauyukan da suke kewaye da Manchesta shi ne wurin kwana, shi ne kuma wurin sana'a, domin babu wanda yake zaune a cikinsa hannu rabbana. Tsarin da ake bi shi ne wani attajiri na birni, ko wakilinsa, ya ba maigida ɗanyen kaya, wato auduga da zaren tsaye, shi kuma ya kawo saƙaƙƙen yadi a biya shi gwargwadon tsawon abin da ya saƙa, ba gwargwadon kwanakin da ya yi ba. Uwargida da 'yan mata su ne masu tsefe audugar da kaɗa abawa a kan keken kaɗi, ƙananan yara su naɗa abawar a kwarkwaro, maigida da samarin gidan su hau masaƙa. Yadin da aka fi yi a lokacin gauraye ne, zaren tsayensa na lilin, abawarsa ta auduga, saboda zaren audugar da ake kaɗawa da hannu a Ingila ba shi da ƙwarin da zai jure ja a tsaye. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje suna da ɗan fili na haya, da saniya ɗaya ko biyu, ta yadda idan kasuwar yadi ta yi sanyi ba a rasa madara da dankali. Kuɗin da aka samu na gida ne baki ɗaya, a hannun maigida ake danƙa shi, kuma shi ne yake koya wa ɗansa sana'ar, bisa wata tsohuwar doka ta 1563 wadda ta wajabta shekara bakwai na koyo kafin mutum ya ci gashin kansa. Bai kamata a ɗauki wannan rayuwa ta jin daɗi ba, gama yara suna fara aiki tun suna ƙanana ƙwarai, kuma attajiri ne yake yanke farashi. Sai dai lokacin masaƙi nasa ne: yana iya hutawa ranar Litinin, ya fita girbi idan kaka ta yi, ya rama aikin da dare a ƙarshen mako, ba mai buga masa ƙararrawa.

Babbar damuwar wannan gida ita ce ƙarancin abawa, domin masaƙi ɗaya yana cinye abin da mata da yawa suka kaɗa. Matsalar ta ƙaru da yaɗuwar ƙoshiyar da John Kay, mutumin garin Bury, ya ƙirƙiro a 1733, wadda ake fizga da igiya ta tsallaka faɗin yadin da kanta maimakon a riƙa cilla ta daga hannu zuwa hannu, har ta kai masaƙi yakan bi gidajen maƙwabta da sassafe yana roƙon mata su sayar masa da abin da zai saƙa a yinin. Wannan yunwa ta zare ce ta haifar da injunan kaɗi guda uku. James Hargreaves, masaƙi daga wajen Blackburn, ya haɗa nasa wajen 1764, mai juya mazari takwas a lokaci guda; Richard Arkwright, wanda asalinsa wanzami ne, ya sami takardar mallakar nasa a 1769, ya kuma gina masana'anta a Cromford a 1771 inda ruwan rafi yake juya shi; Samuel Crompton kuwa ya gama nasa a 1779, wanda ya haɗa dabarun biyun ya fitar da zare siriri mai ƙwari.

Labarin Crompton ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin ya nuna yadda ƙirƙirar take fitowa daga cikin gidan masaƙa amma ribar ta tafi wani wuri. An haife shi a 1753 kusa da Bolton, mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ya tashi yana kaɗi da saƙa a hannun mahaifiyarsa, kuma takaicin yawan tsinkewar zare ne ya sa ya shafe wajen shekara biyar yana harhaɗa injinsa a ɓoye, yana goge a gidan wasan kwaikwayo na garin don ya sami 'yan kuɗin sayen kayan aiki. Da ya gama, ba shi da halin biyan takardar mallaka, sai masu masana'antu suka lallashe shi ya bayyana asirin bisa alkawarin za su tara masa kuɗi, abin da ya shiga hannunsa kuwa bai wuce fam sittin da wani abu ba. A 1812 majalisar dokoki ta ba shi fam 5,000, a lokacin da miliyoyin mazarai irin nasa suke juyawa a ƙasar, kuma ya rasu a 1827 ba shi da abin kirki.

Wadda ta fara jin zafin waɗannan injuna ita ce mace. Da farko injin Hargreaves ƙarami ne, ana ajiye shi a gida, amma da mazaransa suka ƙaru sai ya fi ƙarfin ɗaki da aljihun talaka, kuma kafin ƙarshen ƙarnin kaɗin auduga da keke ya zama tarihi. Mutane ba su karɓi abin da hannu biyu ba: a 1768 maƙwabta sun farfasa injunan Hargreaves har ya yi ƙaura zuwa Nottingham, a 1779 kuma taron jama'a ya ƙone masana'antar Arkwright da take Birkacre. Matar aure da mijinta yake saƙa ta sami mafita, domin ta koma naɗin kwarkwaro ko ta hau masaƙa ita ma, amma gwauruwa da tsohuwar da kaɗi ne kaɗai abin da suke iya yi a zaune sun rasa abin dogaro, kuma ba a cika jin muryarsu a rubuce-rubucen zamanin ba.

Ga masaƙi kuwa, kakarsa ce ta yanke saƙa. Zare ya yi arha ya kuma wadata, injin saƙar da Edmund Cartwright ya ƙirƙiro a 1785 bai riga ya nuna ba, saboda haka duk zaren da masana'antu suka fitar sai ya bi ta hannun mutum kafin ya zama yadi. William Radcliffe, wani mai masana'anta da ya tashi a gidan masaƙa a ƙauyen Mellor, ya bayyana a littafin da ya buga a 1828 cewa shekarun 1788 zuwa 1803 su ne zamanin zinariya na sana'ar, inda aka mayar da tsofaffin rumbuna da ɗakunan ajiye amalanke wuraren saƙa, aka ga agogon bango da tangaran a gidajen da a da ba su san su ba. Ya kamata a saurari Radcliffe da lura, domin dattijo ne yake tuna ƙuruciyarsa, kuma masu saƙa lallausan yadi ne suka fi kwasar garaɓasar, ba kowa da kowa ba. Amma ko an rage gishirin da ya zuba, gaskiya ce an samu, kuma a cikin samun ne aka shuka abin da ya zo ya kashe sana'ar. Saƙar farin yadi marar ado abu ne da yaro ko lebura zai iya koyo cikin 'yan makonni, don haka 'yan ƙwadagon gona, da baƙi daga Ailan, da duk wanda ya rasa abin yi suka kwararo ciki, ba wanda ya ƙara tambayar shekara bakwai ta koyo. Iyalai da dama suka saki filayensu tunda masaƙa ta fi garma kawo kuɗi, samari suka riƙa aure da wuri tunda ɗaki da masaƙar haya sun isa a kafa gida. Zuwa wajen 1820 an kiyasta masaƙan auduga na hannu a Birtaniya sun kai 240,000.

Samuel Bamford, wanda aka haifa a Middleton a 1788, ya bar bayani mai kyau game da irin wannan gida. Mahaifinsa masaƙi ne kuma malamin yara, daga baya ya karɓi aikin kula da gidan gajiyayyu a Manchesta, inda zazzaɓi ya kashe mahaifiyar yaron, sai aka mayar da shi Middleton wurin kawunsa ya koyi sana'a. Gidan kawun yana da ɗakin zama inda ake girki da ci, da ɗakin saƙa mai masaƙa huɗu, da ɗakunan kwana a sama. Da yake zaren auduga yana son danshi, ɗakin saƙa a wannan yanki yakan kasance daɓen ƙasa ne ko ma a ƙarƙashin ƙasa, abin da ya gyara zare ya ɓata ƙirji da gaɓoɓin masu zama a ciki. Kafin a fara saƙa sai an goga wa zaren tsaye kunun fulawa da buroshi don kada ya tsinke, a busar da shi da fifita ko da ƙarfe mai zafi, kuma fulawar, da kyandir na aikin dare, da hayar masaƙa ga wanda ba shi da tasa, duk daga aljihun masaƙi suke fita. Idan yadi ya kammala sai a naɗe shi a cikin doguwar jaka, a saɓa a kafaɗa, a taka tafiyar mil biyar ko shida zuwa gidan ajiyar attajiri a Manchesta. A can wakilin attajirin zai shimfiɗa yadin a kan kanta, ya bi shi ƙalla-ƙalla yana neman tabo ko inda zare ya ƙulle, ya zaftare abin da ya ga dama daga lada, sannan ya auna sabon zare ya bayar. Wannan zaftarewa ita ce abin da masaƙa suka fi kuka da shi, domin wakilin shi ne mai ƙara shi ne alƙali, kuma wanda ya ja da shi yana iya komawa gida da jaka wayam.

Faɗuwar lada ta fara tun farkon ƙarni na sha tara. Kuɗin da ake magana a kai su ne waɗanda dattawan ƙasar Hausa suka yi amfani da su a zamanin mulkin mallaka, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya. Kwamitin majalisa da ya binciki halin masaƙa a 1834 da 1835 ya nuna cewa masaƙin da yake samun sama da sule 26 a mako tsakanin 1797 da 1804 ya koma samun sule 5 da sisi tsakanin 1832 da 1834. Abin lura shi ne a 1813 injunan saƙa a ƙasar duka ba su wuce kimanin 2,400 ba, amma a lokacin ladan ya riga ya zaftare kusan rabi. Ke nan ba inji ne ya fara kayar da farashi ba. Yawan hannaye ne ya fara, sai yaƙi da Faransa wanda ya ci daga 1793 zuwa 1815 ya riƙa toshe kasuwannin Turai, sai yaƙi da Amurka a 1812, sai dubban sojojin da aka sallama bayan 1815 waɗanda da yawansu suka hau masaƙa. Bugu da ƙari, attajirin da yake ba da aiki a gidaje bai zuba dukiyarsa a gini ko inji ba, don haka idan kasuwa ta faɗi ba abin da yake asara in ya rage lada, kuma idan ɗaya ya rage dole sauran su bi. Masaƙi kuma, da yake ba shi da wata hanyar cike giɓi, sai ya ƙara awoyi ya ɗora matarsa da 'ya'yansa a kan masaƙa, yadi ya ƙara yawa, farashi ya ƙara faɗuwa. Da injin saƙa ya nuna sosai, har yawansa ya kai kimanin 100,000 a 1833, sai ya tarar da mutane da suka riga suka durƙushe, ya hana su sake miƙewa.

A nan ne batun doka ya shigo, kuma a nan ne hukuncin tarihi ya fi yi wa masu mulkin zamanin nauyi. Masaƙa ba su fara da fashe-fashe ba, da takardun koke suka fara. Dokokin 1799 da 1800 sun haramta wa ma'aikata haɗa kai don neman ƙarin lada. A 1808 majalisa ta yi watsi da ƙudurin ƙayyade mafi ƙarancin lada ga masaƙa, abin da ya jawo babban yajin aiki a Manchesta. A 1812 masaƙan Glasgow a Sikotilan sun kai ƙara kotu bisa tsohuwar dokar da ta ba alƙalai ikon yanke lada, suka kuma yi nasara, amma attajirai suka ƙi biya, da masaƙan suka tafi yajin aiki sai shugabanninsu aka ɗaure. Bayan haka majalisa ta soke sashen lada na dokar 1563 a 1813, ta soke sashen koyon sana'a a 1814, bisa hujjar cewa bai dace hukuma ta sa baki a ciniki ba. Amma majalisar nan ce a 1815 ta kafa dokar hana shigo da hatsi mai arha daga waje don ta kare masu manyan gonaki, waɗanda su ne suka cika kujerunta, alhali Manchesta da duk girmanta ba ta da wakili ko ɗaya sai a 1832. Wato an ƙi sa baki a farashin gumin talaka, an sa baki a farashin burodinsa.

Da ƙofar koke ta rufe sai tarzoma ta ɓalle. A watan Afrilun 1812 an ƙone masana'antar injunan saƙa a Westhoughton, aka rataye mutum huɗu a kan laifin, cikinsu har da yaro. Ranar 16 ga Agustan 1819 kimanin mutum 60,000, galibinsu masaƙa da iyalansu, suka taru a filin St Peter a Manchesta suna neman a gyara tsarin zaɓe. Bamford ne ya jagoranci mutanen Middleton, ya umarce su su bar sanduna a gida, kuma an fito cikin tufafin ranar Lahadi, da mata da yara, don a nuna ba faɗa aka zo yi ba. Matarsa Jemima ta bar 'yarsu wurin maƙwabciya ta bi ayarin. Sojan doki suka afka wa taron da takubba, aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata, Jemima ta rabu da mijinta a cikin turmutsitsin ta tsira ta hanyar ɓuya a ɗakin ƙasa na wani gida, shi kuma aka ɗaure shi shekara guda a kurkukun Lincoln. A Afrilun 1826, bayan rushewar bankuna ta tsayar da aiki, masaƙan gabashin Lankasha sun farfasa injunan saƙa sama da dubu cikin 'yan kwanaki, sojoji suka harbe shida a Chatterton.

Abin da ya fi waɗannan ranaku na jini tasiri a kan iyali shi ne abin da yake faruwa a hankali a cikin ɗaki. Abinci ya koma faten wani hatsi da ake kira ots, da dankali, da tsala, nama sai jefi-jefi. Agogo da tangaran da aka saya a kwanakin samu suka tafi gidan jingina, tufafin fita ma akan jinginar da su ranar Litinin a fanso ranar Asabar idan hali ya yi, kuma shaidun da suka bayyana gaban kwamitocin majalisa sun faɗi cewa masaƙa da dama sun daina zuwa coci don kunyar tsummokaransu. Daga nan sai aka zo kan shawarar da iyaye suka daɗe suna gudu, wato tura yara masana'anta. A farkon al'amari masu masana'antun da suke bakin rafuffuka, kamar ta Samuel Greg a Styal wadda aka gina a 1784, da marayu da 'ya'yan gajiyayyu suke aiki, waɗanda hukumomin gunduma suke miƙa musu, domin masaƙi mai mutunci yana ganin abin kunya ne ɗansa ya shiga can. Yunwa ce ta sauya wannan ra'ayi. Yaro yakan fara da aikin ƙulla zaren da ya tsinke a jikin injin kaɗi, yana kai da kawowa a tsaye yini guda cikin zafi da ƙurar auduga. David Livingstone, wanda daga baya ya shahara da tafiye-tafiyensa a Afirka, ya fara wannan aiki a Blantyre ta Sikotilan yana ɗan shekara goma, daga ƙarfe shida na safe zuwa takwas na dare. Dokar 1833 ce ta farko da ta yi ɗan tasiri, inda ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara tara a masana'antun auduga, ta ƙayyade awa 48 a mako ga 'yan shekara tara zuwa goma sha uku, amma masu duba aiki huɗu kacal ta naɗa wa ƙasar baki ɗaya.

Sakamakon haka shi ne gida ya juye. Galibin masu kula da injunan saƙa mata ne da matasa, domin masu masana'antu sun fi son su saboda arha da sauƙin juyawa, kuma dattijon masaƙi, ko da yana so, ba a cika ɗaukarsa ba, balle ma da yawansu sun gwammace yunwa da zaman da za a kulle musu ƙofa a ci su tara don sun makara. Sai ya zamana budurwa 'yar shekara sha shida tana shigo da abin da ya fi na mahaifinta, uban yana gida yana saƙa abin da ya samu yana duba tukunya. Wanda ya san matsayin maigida a kowace al'umma ta masu sana'ar gado zai gane abin da wannan yake nufi: uban ba shi da sana'ar da zai gadar, ba shi ne yake karɓar kuɗin gida ba, kuma ɗa ko 'yar da suka ji an matsa musu suna iya kama ɗakin haya su bar shi. Ga 'yan matan kuwa, ba za a ce abin asara ce zalla ba, domin kuɗin kansu ya ba su bakin magana da iyayensu mata ba su taɓa samu ba. Waɗanda suka biya mafi tsada su ne jarirai, waɗanda ake bari wurin tsofaffi masu raino ana ɗura musu maganin barci mai ofiyom, a cikin Manchesta, birnin da ya tashi daga mutum kimanin 75,000 a 1801 zuwa sama da 300,000 a 1851 ba tare da isasshen ruwa mai tsabta ko magudanai ba. Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen ma'aikata a Manchesta 17 ne, alhali a karkarar Rutland 38 ne, kuma yawan mutuwar ƙananan yara ne ya jawo lissafin ƙasa haka.

Hukuma ta yi bincike har ta gaji, amma ba ta yi magani ba. Dokar gajiyayyu ta 1834 ta nufi a daina taimakon mai lafiya a gidansa sai dai ya shiga gidan gajiyayyu, inda ake raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya, shi ya sa arewacin Ingila ya yi mata turjiya mai tsanani. John Fielden, mai masana'anta a Todmorden kuma ɗan majalisa, ya mara wa ƙudurin ƙayyade ladan masaƙa baya a 1835 aka kayar da ƙudurin, hukumar binciken da aka kafa a 1837 kuma ta fitar da rahotonta a 1841, wanda gundarinsa shi ne masaƙa su bar sana'ar kuma kada su sa 'ya'yansu a ciki. Hakan kuwa aka yi, wasu ta hanyar mutuwa, wasu ta hanyar hijira. William Carnegie, masaƙin lilin mai ado a Dunfermline ta Sikotilan, ya kai yana da masaƙa huɗu, amma da aiki ya yanke sai matarsa Margaret ta riƙe gidan da ɗan kanti da ɗinkin takalma, har a 1848 suka sayar da kayansu, suka ciyo bashin kuɗin jirgi, suka tafi Amurka. A can uban ya gwada aikin masana'anta ya kasa jurewa, ya koma saƙa mayafan tebur yana tallarsu da kansa har ya rasu a 1855, ɗansa Andrew kuwa, wanda ya fara da sauya kwarkwaro a kan dala ɗaya da santi ashirin a mako, shi ne ya zama hamshaƙin attajirin ƙarfe. Wasu sun nemi mafita a gida: a Disambar 1844 mutum 28 a Rochdale, da yawansu masaƙa, suka haɗa fam ɗaiɗai suka buɗe kantin gama kai mai sayar da fulawa da man shanu da sukari da kyandir, wanda ya zama abin koyi ga ƙungiyoyin gama kai na duniya. Zuwa 1850 masaƙan auduga na hannu sun ragu zuwa kimanin 40,000.

Masana sun yi saɓani a kan yadda za a auna wannan tarihi. E. P. Thompson, a littafinsa na 1963, ya ɗauke shi a matsayin rushewar al'umma mai mutunci da ilimin kanta, wadda aka bari ta mutu da gangan. Duncan Bythell, a nasa na 1969, ya nuna cewa galibin masaƙan auduga ba ƙwararrun gado ba ne, sababbin shiga ne a sana'a mai sauƙin koyo, kuma da yawa sun sami wani aikin da sauri fiye da yadda ake zato. Kowannensu yana da hujja, amma hujjar Bythell ba ta wanke majalisa ba, domin ko da sana'ar ba ta da makawa sai ta mutu, ba dole ba ne a haramta wa masu ita haɗa kai kuma a tsauwala musu abinci a lokaci guda.

Wannan yadi na Lankasha yana da alaƙa ta gaskiya da Afirka ta fuska biyu. Audugar da ake kaɗawa, mafi yawanta bayi 'yan asalin Afirka ne suke noma ta a kudancin Amurka, don haka arhar zaren da ta fara azurta masaƙin Bolton daga gumin wanda ba a biya ko kwabo ta samo tushe. Sannan yadin ya tsallako Sahara: matafiyi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da yadin Manchesta a kasuwar Kano a 1851, an kawo shi ta Tarabulus. Amma abin da ya fi burge shi shi ne saƙa da rinin Kano kanta, wadda ya kiyasta cinikin tufafinta a kan wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Tumbutu da Murzuk, ya kuma yaba da cewa iyalai ne suke yin aikin a gidajensu, ba a manyan masana'antu irin na Turai ba, ko da yake bai kamata a manta ba cewa bayi suna da hannu a noman auduga da baba na wannan ƙasa ita ma. Ko bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, burin 'yan kasuwar Lankasha na kwashe audugar Arewa bai cika yadda suka so ba, saboda masaƙan gida suna sayenta da farashin da ya fi nasu, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa.

Yadda saƙar hannu ta ƙasar Hausa ta ja da baya daga bisani, a gaban akoko da atamfa da masaƙun Kaduna da Kano, ya bi tasa hanyar dabam, kuma ba daidai ba ne a ɗora masa tarihin Lankasha kai tsaye. Tambayoyin da za a yi ne suke iri ɗaya: yaushe mata suka ajiye mazari, me suka koma yi, wane ɗa ne ya fara ƙin gadon masaƙar ubansa, kuma nawa ake biya a kan ƙwarya ɗaya ta saƙi a kowane zamani. Waɗanda suka san amsoshin suna nan da ransu a Kura, da unguwannin marina na Kano da Zariya, da ƙauyukan Katsina da Damagaram, amma shekarunsu sun ja. Kira ga ɗaliban tarihi da malamansu a jami'o'in Najeriya da Nijar shi ne su ɗauki rakoda su je wurin waɗannan dattawa, maza da mata, su rubuta abin da suka faɗa da sunayen kayan aikinsu da farashin da suka tuna, tun suna da halin faɗa.